Yayana Mai Fenti, Wanda Aka Mayar Mai Zaman Kansa

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Da hantsin ranar Laraba, sha huɗu ga watan Mayu, Allah ya karɓi ran yayana, mai fentin motoci, wanda abokan aikinsa ke kira Bakan Gizo domin babu launin da rigar aikinsa ba ta ɗauka ba. Ya cika a ɗakin masu ciwon ƙirji na babban asibiti, bayan jinyar da ta haura shekara. Ya bar mahaifiyarmu, da matarsa, da 'ya'ya mata uku, da ni ƙaninsa.

Yaya, kai ka riƙe gidanmu tun da Baba ya kwanta dama. Ka ajiye karatu ka shiga garejin kamfanin motocin haya domin ni in ci gaba da nawa, kuma ban taɓa jin ka goranta mini ba. Ranar da na samu aikin koyarwa ka fi ni murna. Ka ɗauki tsohon kekena ka fesa masa fenti har ya koma kamar sabo, ka ce malami ba ya shiga makaranta a kan tsatsa. Ragowar fentin da ake zubarwa a gindin gwangwani kuwa kai kake tarawa, ranar hutu ka bi ƙofofin maƙwabta kana shafawa kyauta. Ka fara da ƙofar tsohuwar da ba ta da kowa a ƙarshen layi, kafin a ankara duk layinmu ya zama launin motocin kamfani, har baƙi kan tsaya su tambaya ko tasha ce.

Tun farko ka san abin da kake shaƙa. Takunkumin da kamfani ke rabawa na takarda ne, kafin azahar ya jiƙe ya manne a baki. Saboda haka bayan wasu shekaru ka koma sayen mai kyau da albashinka, mai matatar iska, da safar hannu, da tabarau. Haraji kuma ana yanke shi tun kafin albashin ya iso hannunka. Wata rana amininka mai walda, wanda ke da shagon kansa, ya gaya maka cewa shi duk abin da ya kashe wa sana'arsa ana cire masa kafin a lissafa harajinsa, har man babur ɗinsa. Washegari ka nemi izini ka tafi ofishin haraji. Wata ma'aikaciya mai haƙuri ta zaunar da kai ta yi maka bayani, cewa mai albashi ba ya samun wannan rangwame, domin kayan aikinsa nauyin wanda ya ɗauke shi aiki ne. Ka tambaye ta, to hancin naka ne ko na kamfani? Ta yi dariya, kai ma ka yi, ka dawo yadda ka tafi. Da na ce maka ni ma da kuɗina nake sayen alli da takardun jarrabawa, sai ka ce ashe jirgi ɗaya ya kwaso mu, sai dai ni alli nake shaƙa, wanda ko awaki suna lasa.

Sai sabon manaja ya zo da sabon tsari. Ya tara masu fenti da masu gyaran jikin mota ya ce daga yanzu kowa zai zama mai zaman kansa, kamfani zai riƙa ba ku aiki a matsayin kwangila. Gareji ɗaya, lokaci ɗaya, mai duba aiki ɗaya, suna kawai aka sauya. Ya ce ribarku ce, domin za a riƙa cire muku kuɗin kayan aiki daga haraji. Ba zan manta fuskarka a yammacin nan ba. Abin da ka yi shekaru kana nema ya zo har inda kake. Matarka ce kaɗai ta tambaya ko katin asibitin da kamfani ke biya zai ci gaba da aiki. Ka ce mata lafiyarka ƙalau, kada ta jawo maka ciwo da baki. Gaskiya kuwa ko da ka ƙi, babu zaɓi, domin wanda bai sa hannu ba sallama aka yi masa.

Shekarar farko ka ga rangwamen da idonka. Ka saya wa Inna firiji, ka sayi injin feshi naka na kanka. A shekara ta biyu tari ya fara. Likita ya ce huhunka ya daɗe yana cutuwa, tun shekarun takunkumin takarda. Muka je kamfani tare, aka karɓe mu da mutunci, aka ce kai ba ma'aikacinsu ba ne, kuma ɗan kuɗin da aka ba ku ranar sa hannu ya rufe duk abin da ya gabata. Babu hutun jinya, babu katin asibiti. Lauya ya ce ƙarar za ta iya ɗaukar shekaru, kuma bai ba mu tabbacin nasara ba. Haka ka ci gaba da fita aiki kana tsayawa a bakin ƙofa kana maida numfashi, domin ranar da ba ka fesa ba, babu abin da za a ɗora a wuta.

Da ƙarfi ya ƙare, ka matsa mini in kai ka ofishin haraji ko za a lissafa magani da tukunyar iskar numfashi cikin kuɗin da ka kashe wa aiki, tunda aikin ne ya jawo. Muka tarar da matar nan dai. Ta gane ka. Ta ce magani ba kayan aiki ba ne, kuma rangwame daga riba ake cire shi, kai kuwa a bana ba ka da riba. A wannan karon ba ta yi dariya ba, ta kasa haɗa ido da kai. A hanyar dawowa ka ce mini, "Malam, da ina ma'aikaci an ce kayan aikina ba nawa ba ne. Yanzu da nake zaman kaina an ce ciwona nawa ne ni kaɗai."

Duk da haka halinka bai sauya ba. Da ka sayar da injin feshinka ga wani abokin aikinka, ka haɗa masa da takunkuminka mai kyau kyauta, ka sa ya rantse zai riƙa sakawa. A asibiti, kana jan numfashi da ƙyar, ka dubi bangon ɗakin da fentinsa ke ɓarewa ka ce wanda ya yi aikin bai kankare tsohon ba, in ka tashi za ka gyara musu. Ba ka tashi ba.

Na so in rubuta cewa mutuwarka ta farkar da wani, amma ƙarya ce ba zan yi maka ba. Kafin mako ya zagayo da barinka aiki an sa wani a gurbinka, da irin takardar da ka sa wa hannu. Abokan aikinka sun zo gaisuwa, biyu daga cikinsu suna irin tarin da na sani. Na ja ɗaya gefe na roƙe shi ya bar aikin. Ya ce, "Malam, tari ba ya hana yara cin abinci. Zaman gida ke hanawa."

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya gafarta maka, ya sa jinyarka ta zama kaffara. Allah ya yalwata kabarinka, ya haskaka shi, ya saka maka da abin da duniya ta hana ka. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka, wadda ta yi jinyarka ba ta taɓa ɗaga murya ba, da 'ya'yanka, Allah ya raya su ya ba ni ikon riƙe su kamar yadda ka riƙe ni. Ina kuma miƙa ta ga Inna, wadda tun ranar Laraba ba ta ce komai ba sai magana ɗaya, cewa ita ce ke kan layin mutuwa, ba kai ba. Allah ya ba ta haƙuri, ya ba mu baki ɗaya. Amin.