Saƙon da Yaya Mariama ta ba ni

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar yayata Mariama a wani asibiti na Lyon. Allah ya jiƙanta. Mutanen unguwar Barbès a Paris sun san ta da Madam Mari mai karta, don duba take yi da kartar nan ta Turawa mai hotuna, tarot, a wani ɗan ɗaki bisa shagon gyaran waya. Ba zan ɓoye ba, ban taɓa son sana'ar ba. Inna kuwa, mahaifiyarmu da ke Damagaram, ranar da ta ji labari ta rantse ba ta ƙara magana da mai duba. Shekara tara ba ta karya rantsuwar ba.

Da farko Yaya irin maganar masu duba take yi, mai kewaye-kewaye: akwai haske a gaba, akwai inuwa amma za ta wuce. Wata rana wata mata ta zo tana tambaya kan ƙullutun da ta ji a ƙirjinta. Yaya ta ji nauyin tsorata ta, ta ce inuwa ce mai wucewa. Matar ta koma gida hankali kwance, ba ta ga likita ba sai da ciwon ya ci ƙarfinta. Tun daga nan Yaya ta sauya. Takan ture kartar gefe ta dubi mutum ido cikin ido: "Wannan ba aikin karta ba ne, gobe ki je asibiti." Kafin mace ta tashi sai ta ce, "Maimaita min abin da kika ji na faɗa." In ta kauce, a sake daga farko. Wasu sun daina zuwa, wai bakinta ba daɗi. Ita ko a jikinta.

Ni ma ban tsira ba. Da na fara "wato dai, kin gane," sai ta katse ni: "Ke Hadiza, duk karatun nan naki, ki faɗi magana ɗaya tak ya gagare ki?"

Da ciwo ya kayar da ita, na ɗauko ta daga Paris zuwa wurina a Vénissieux, kusa da Lyon. Wata Talata da hantsi, a gadon asibiti, ta kama hannuna. "Ki kira Inna. Ki ce mata mutuwa zan yi, ina so ta yafe min da bakinta. Maimaita." Na maimaita.

Na fita baranda na kira. Muka yi doguwar gaisuwa, na tambayi kowa har awakin gida. Can Inna ta ce, "Ya jikin 'yar'uwar taki?" Wallahi bakina ne ya riga ni. Haka aka raine mu, ba a jefa wa tsohuwa mugun labari. Na ce, "Da sauƙi, Inna." Ta ce, "To madalla, in ta tashi ma yi magana." Na koma ɗaki na ce wa Yaya Inna za ta kira. Ta dube ni kawai, ta juya fuskarta bango. Ran Alhamis ta cika.

Yanzu nakan ga 'yan mata cikin metro, jirgin ƙasan cikin gari, suna kallon masu karta a waya, ana zuba musu kalamai masu zaƙi da za su dace da kowa. Da Yaya na nan da ta yi tsaki ta ce a tambaye su me suka fahimta. Amma ni wace ce da zan yi musu dariya?

Bana na je Damagaram. Na zauna gaban Inna na faɗa mata saƙon yadda aka ba ni shi, ban rage ko kalma ba. Sannan ta ce, "Na ji a muryarki ran nan. Jira nake ki faɗa, ni kuma in faɗa."

Kartar Yaya tana cikin akwatina, ban buɗe ba, hisabinta kuma na bar wa Allah. Abin da Yaya ta bar min shi ne wannan "maimaita" da ke tsaya min a wuya duk lokacin da zan ce da sauƙi alhali babu. Inna ta yafe mata, da bakinta, a gabana. Ni kaɗai na ji.