Dariyar da Inna ba ta gani ba

Shekarar da aka sa ni firamare, masu ɗaukar hoto suka zo kasuwar Kurfi, suka ɗauki kakana yana auna gero. Kafin su dawo da majigin bayan damina, Allah ya yi masa rasuwa.

Bayan magariba aka kafa farin ƙyalle a filin bayan gidanmu. Mahaifiyata, Inna, ta taka turmi tana leƙe ta katanga, ni kuma ina zaune a kan katangar. Sai ga tsohon ya cika ƙyallen, yana duban mu. Inna ta sauko da sauri, ta ja mayafi ta durƙusa, don ba ta taɓa haɗa ido da surukinta ba.

Washegari ta tambaye ni, "Ya rame?" Na ce a'a, dariya ma yake yi. Sai ta ce, "Ashe yana dariya."

Da na girma na sayi kyamarata, tsofaffi na riƙa bi ƙauye-ƙauye, daga Rawayau har Barkiya. Ba na kashe ta sai tsoho ya yi dariya, don matan 'ya'yansa su ma su gani.