Dajin Kabar Inna a Turance

Har yau in na ga waccan mujallar a ƙasan akwatina raina ɓaci yake yi.

Lokacin da kuɗin fetur suka fara yawo, ina koyarwa a wata firamare a Daura. Ƙauyenmu yana kan hanyar Mashi, bayansa kuwa akwai dajin goriba. Can Inna, mahaifiyata, take yankar kaba tana saƙa tabarma da faifai. Da kabar nan ta ciyar da mu bayan rasuwar Baba. Sai ga wani ɗan kwangilar hanya ya zo ya kafa turaku masu jan fenti a dajin, wai akwai burji mai kyau a ƙarƙashinsa.

Na je wurin mai gari, ya ce abin daga sama yake. Ni kuma ba ni da kowa a sama, sai alƙalami. Na zauna na rubuta labari da Hausa: wata tsohuwa, da dajinta, da katafilar da ta tumɓuke shi. Na kai wa wani abokina da muka yi kwaleji tare, ya samu aikin ofis a Kaduna. Ya ce zai juya shi Turanci ya ba wata mujalla da manya ke karantawa. Na dawo da tunanin ko wani babba zai gani ya ce a dakata.

Katafila ta riga mujallar isowa. Ina tsaye ta bi goriba ɗaya bayan ɗaya, ta bar mana rami kamar bakin tukunya. Inna ba ta je kallo ba.

Da mujallar ta zo, a kan labarin nawa an zana raƙumi da tudun rairayi. Na karanta har ƙarshe, babu katafila, babu ɗan kwangila. A Turancin, hamada ce ta taso daga arewa a hankali ta haɗiye dajin tsohuwa, ita kuma ta ɗaga hannu sama ta rungumi ƙaddara. 

Na shiga mota na sami abokin nawa a ofis, fanka na kaɗa masa.

"Ina katafilata?" na ce.

"Haba malam, kwantar da hankalinka. Tun da aka yi fari kowa maganar hamada yake. Ita ce ke taɓa zuciyar masu karatu. Katafila ai ci gaba ce, wa zai buga maka zaginta?"

"To ka sa sunanka mana! Me ya sa ka liƙa nawa a kan ƙarya?"

Dariya ya yi, ya ce in zauna a kawo min lemo. Ban zauna ba.

A gida Inna ta ji an buga ni a takarda, ta ce in karanta mata. Tana zaune kan tabarmar roba da ƙanwata ta sayo, don ta kaba ta ƙare. Na riƙa mayar mata da Turancin zuwa Hausa, layi bayan layi, kunya na cina.

Da na gama sai ta ce, "Wa suka ce ya cinye dajin?"

"Hamada, Inna."

"Ikon Allah. Ashe hamada ce direbanta ya zo nan ƙofar gida ya roƙe ni ruwan sha?"

Ta miƙo hannu ta karɓi mujallar, ta duba raƙumin, ta duba sunana da ba ta iya karantawa.

"Kai ma haka ka ce musu?"