Ranar da Ja Ya Cinye Bunsuruna

Wata Asabar ce cikin damina, a shekarar da sojoji suka miƙa mulki, na fara ganin zanen hannuna a cikin kwamfuta. Ina aji biyar a firamare, muna haya a wani gida mai ɗakuna barkatai a Kakuri. Na gama wanke-wanke ke nan, ina shanya kwanuka a bakin rijiya, sai Anti Rifkatu, maƙwabciyarmu 'yar Filato mai shagon buga takardu a bakin titi, ta leƙo ta ce, "Talatu, ɗauko littafin shirmen nan naki ki biyo ni."

Tsohon littafin lissafi ne da na cika bayansa da zanen wani bunsuru mai tabarau da hula, wanda na raɗa wa suna Malam Gemu. Sa'o'ina na can suna 'yar gala-gala a ƙofar gida, ni ina gindin mangwaro da biro, ina sa shi tuƙa keke ko satar ƙosai. Na sha bulala a makaranta saboda shi. Fensir mai launi kuwa ban taɓa mallaka ba. In ina son ja, zoɓo nake jiƙawa in shafa da tsinke.

A shagon, ta kifa shafin a kan wani gilashi ta rufe, wani haske ya bi ta ƙarƙashi a hankali. Sai ga Malam Gemu a fuskar kwamfuta, har da ɗigon manjan da ya ɓata masa kunne. Na yi baya da sauri har na ture fanka. Ta kamo hannuna ta ɗora a kan linzamin kwamfutar, ta nuna mini hoton wani ɗan bokiti. Na zaɓi shuɗi, na taɓa hular. Kafin in ƙifta ido ta cika tsaf, ko ɗigo bai fita waje ba. Daɗi ya ɗebe ni, na zaɓi ja na taɓa rigarsa.

Jan ya malale ko'ina. Fuska, tabarau, keke, sararin da ke bayansa, duk suka rine kamar an yi yanka. Na ƙwalla ƙara na zube a ƙasa ina ba ta haƙuri, don na ɗauka na ƙona mata injin da take ci da shi. Anti Rifkatu ta yi dariya har da hawaye, sannan ta danna maɓallai biyu. Jan ya ɓace kamar ba a taɓa zuba shi ba. Wannan ya fi na farkon firgita ni.

"Bironki ya yi tsallake a hammata," in ji ta. "Ta nan ya zurare. Toshe kafar ki sake."

Da yamma na kai wa Baba hoton da ta buga mini. A masaƙa yake aiki, sashen zuba wa atamfa launi, faratansa kullum a rine. Yana cin tuwo na ba shi labari, sai ya tsaya da loma a hannu.

"Launin da ya riga ya zuba, ya koma?"

"Ya koma, Baba."

"A wurinmu in ya zurare, bandir guda ya tafi. Wani lokacin har da mai zubawar."

Ranar Litinin da ya taso aiki, ya je shagon da kansa, ina biye da shi. Sau uku ya sa aka zuba jan aka mayar, yana tsaye, hannuwansa a baya. Sai da muka kusa gida ya ce, "Kullum kika gama aikinki, ki riƙa zuwa wurinta."

Yau ciyawa ce a harabar masaƙar, ni kuma zanen littattafan yara nake yi wa launi a kwamfuta, in ɓata in mayar ba adadi ba tare da gabana ya faɗi ba. Baba bai taɓa yarda ya riƙe linzamin nan ba har ya rasu. Na so a ce na ƙara roƙonsa.