Dattijon Da Ya Hana Mu Dogon Layi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Laraba, bakwai ga watan Maris, matarka ta kira ofis ta ce rai ya yi halinsa. Mu da muke jiran a sallamo ka daga asibiti, Dattijo, sai ga mu muna neman motar zuwa gaisuwa.

Aikinmu ɗaya ni da kai, kula da kwamfutocin kamfani ta baƙar tagar nan ta kan allo da ake rubuta wa na'ura umarni a ciki, babu hoto sai haruffa. Da idona ya fara rauni, ban gaya wa kowa ba. Ina da 'ya'ya, kuma a wannan aiki wanda ba ya ganin rubutu ai tasa ta ƙare. Na ƙara girman haruffa, sai tagar ta yi wa rubutun kaɗan. Layi ya karye, ƙarshensa ya hau kan farkonsa, lambobi suka cakuɗe, in na goge harafi sai ya yi zamansa a allo.

Wata rana ka ɗan jima tsaye a bayana kana kallon allona, sannan ka ce, "Ƙanwata, na'urar ce ba ta san tagar ta canja ba. Gaya mata faɗinta." Ka nuna mini yadda ake yi, ka koma kujerarka. Har ka bar duniya ba ka tambaye ni dalilin manyan haruffa ba.

Washegari ka kafa doka, duk abin da za a rubuta a sashenmu layinsa ya zama gajere. Kai, ka sha tsiya! Abokan aiki suka ce tsufa ne, wai kana zaton har yanzu allon zamanin kakanni muke amfani da shi. Kai kuwa sai dariya, ka ce, "Ku bar tsoho da rigimarsa." Wanda ya kawo dogon layi ka mayar masa, ko ka zauna ka kakkarya shi da hannunka. Ka yarda a kira ka mai taurin kai don kada abincina ya zube. Na sani, kai ma ka san na sani.

Wallahi ina kewarka. Tun kwanciyarka aka fara turo layuka kamar igiyar shanya, babu mai mayarwa. Jiya na buɗe wani aiki na yi ta kallo ban tsinci komai ba, na juya zan kira ka, sai kujera. Gobe zan shiga wurin shugaban sashe in faɗi maganar idona da bakina. Ban san abin da zai ce ba. Da kana nan, na san da ka raka ni har bakin ƙofa.

Ina yi wa matarka da 'ya'yanka ta'aziyya, Allah ya ba su haƙuri da dangana. Kai kuma Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya rufa maka asiri a ranar da kowa ke neman mai rufa masa. Amin.