Hannun Hagun Safiyyatu

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Batsari ranar Alhamis ya san Safiyyatu ma'auniya, in bai san sunanta ba to ya san hannunta. 'Yar ƙauyen Wagini ce, doguwa, Allah ya ba ta hannu mai tsawo da faɗin tafi. Bayan rasuwar mijinta, da 'ya'ya huɗu a gabanta, goggonta ta kawo ta gindin darbejiyar da ke bakin layin hatsi, ta miƙa mata tiya, kwanon awon nan da kowa ke saye da sayarwa da shi, ta koya mata sana'a cikin magana ɗaya.

"In za ki auna wa Alhaji, ki rungumi bakin kwano da hannun hagu. Ki zuba da dama har hatsi ya hau damtsenki, sannan ki juye. Abin da ya hau hannu shi ne albarkar kwano."

Albarka, ka ji suna! Da wani sunan aka sa masa da tuni an ji kunya an bari. Amma wa zai yi faɗa da albarka? Haka Safiyyatu ta shekara ashirin tana rungumar kwano, manyan 'yan sari suna rububinta, domin hannunta kaɗai ya fi na mata biyu kwasa. Alhaji Sagiru, wanda ke loda motocin hatsi zuwa birni, shi ya fi kowa riƙe ta. In kuma damina ta yi tsakiya, rumbuna suka ƙare, mutanen ƙauye suka dawo sayen geron da suka sayar da kaka, sai ka ga hannun nan ya koma cinya ya kwanta lamo. Albarka ba ta san hanyar komawa ƙauye ba.

Kada a ce muguwa ce. Da ladan awon nan ta aurar da 'yan mata uku, ta rufa wa kanta asiri, ba ta taɓa kai ƙoƙon bara ƙofar kowa ba. Inuwar darbejiyar nan ita ce gonarta, ita ce rumbunta. Bayan ita ba ta da ko taƙi a duniya.

Sai shekarun nan suka zo da 'yan bindiga suka hana mutane gonakin nesa. Garin Batsari ya cika da baƙi, bakunan ci suka ƙaru, masu noma suka ragu. Wanda ya samu ya noma ɗan abin da ya noma, da ransa a hannu ya nomo shi. A wata kaka irin wannan wata mata mai suna Zuwairatu ta sauka daga babur da ƙullin wake, tun daga Tsaskiya ta ƙasar Safana. Ita da mijinta suka shuka shi a bayan gari, suna cira suna waige. Ta auna a gida, tiya goma sha biyu cif. Safiyyatu ta auna, ya tsaya a goma da ɗan abin da bai kai rabi ba.

Zuwairatu ba ta yi ihu ba, ba ta kira kowa shaida ba. Hannu kawai ta miƙa ta dafa damtsen Safiyyatu na hagu, ta ce, "Inna, wanga hannu naki, shi ma ya je gonar tare da mu?"

"Albarkar kwano ce, 'yar nan. Haka ake yi."

"Albarkar wa?"

Safiyyatu mai baki ce, ba a taɓa kayar da ita a cacar baki a layin hatsi ba. Sai ranar nan. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba tun tana budurwa, daga baya kunyar ta juye haushi, kuma haushin bai tsaya a kanta ita kaɗai ba.

Da Alhamis ta zagayo, Safiyyatu ta zo da tsohon ɗankwali. A gaban kowa ta mayar da hannun hagu baya, ta sa maƙwabciyarta ta ɗaure mata shi a ƙugu. Ta dasa tiya a kan shimfiɗa, ta zuba da dama har ya yi tozo, abin da ya gangaro ya koma wa mai shi. Mutane suka yi ta dariya, wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce tsufa ya fara taɓa ta. Yaran Alhaji Sagiru suka ɗauke buhunansu suka koma wajen wata.

Amma akwai masu kallon da ba su yi dariya ba: matan gari masu ƙosai, masu fura, masu tuwon sayarwa, waɗanda kullum sai hatsi ya bi ta hannun ɗan sari kafin ya zo tukunyarsu. Zuwairatu ce ta fara haɗa su da matan ƙauye. Ta ce tunda ga kwano ɗaya mai fuska ɗaya, mi zai hana mai noma ta sayar wa mai dafawa kai tsaye? Kafin wata biyu gindin darbejiya ya zama mahaɗa. Matan ƙauyukan Yasore da Wagini su sauke, matan gari su ɗauka, mai sayarwa ta tafi da fiye da abin da ta saba, mai saye ta biya ƙasa da abin da ta saba. Kowace ta ɗebi ɗan cikin tafi ta zuba wa Safiyyatu a ƙwarya, ladan awonta ke nan. Suka sa wa abin suna awon hannu ɗaya.

Ba a daɗe ba Ɗanmaraya ya zo. Shi ne sarkin ma'auna, dattijo mai furfura da carbi, wanda ke raba wuraren zama a layin hatsi, kuma kowa ya san da Alhaji Sagiru yake shan shayi da safe. Suka gaisa tsaf, ta tambayi iyali, ya tambayi jikoki, sannan ya sauko kan magana.

"Safiyyatu, kin ɓata mana awo. Ko ki kwance hannun nan, ko ki tashi daga inuwar nan."

"Ranka ya daɗe, goggona ta zauna nan tun kana tallan rake."

"Na sani. Shi ya sa na zo da kaina ban aiko ba."

Ta dubi bishiyar, ta dubi inda gindinta ya lotsa ƙasa saboda zama. Ta ji ciwon abin har cikin ranta, ba ta ɓoye ba, idonta ya kawo ruwa. Sannan ta naɗe shimfiɗarta da hannu ɗaya, ta ƙi yarda kowa ya taya ta.

Wurin da aka ba ta can ƙarshen kasuwa ne, kusa da turakun jakuna, inda babu ko inuwar kara. Rana ta dake ta, ƙuda ya dame ta, rabin matan suka janye don tsoron ɓacin ran 'yan sari, domin gobe ma rana ce kuma su ke da mota. Wata Alhamis ɗin ƙwaryarta ko rabi ba ta yi. 'Yarta ta fari ta roƙe ta ta je ta ba da haƙuri. Safiyyatu ta ce sai dai ta ba jakuna haƙuri, su ne ta takura wa. Sauran matan da suka tsaya suka haɗa buhunan da suka mutu, suka ɗinke, suka kafa mata 'yar rumfa. A hankali wasu suka dawo, suka jawo wasu.

Wannan ne ya ƙona wa Alhaji Sagiru rai. Sai magana ta fara yawo a kasuwa cewa kwanon Safiyyatu ƙarami ne, an buge gindinsa, masu saye take cuta don ta burge 'yan ƙauye. Wanda aka kama da bugaggen kwano kuwa hukuncinsa ɗaya ne, barin kasuwa gaba ɗaya.

Ranar da Ɗanmaraya ya zo gwaji, da hantsi ne, kasuwa ta cika. Ya sa aka sauke buhun wake a gabanta, ya ɗaga murya yadda har masu jakuna za su ji.

"Waken gonata ne. Ni na auna shi jiya a gidana da wannan kwano na sarauta, tiya ashirin daidai. In ya wuce ashirin a naki, kwanonki ƙarami ne, yau za ki bar kasuwar nan."

Safiyyatu ta ce bisimilla ta fara. Mata suna ƙirgawa da ƙarfi. Ashirin ta wuce wake bai ƙare ba. Ya tsaya a ashirin da uku.

"Kun gani da idonku!" in ji Ɗanmaraya. Yaran Alhaji suka fara tafi.

Safiyyatu ta share gumi da gefen mayafi. "Ranka ya daɗe, ara mini naka kwanon."

Ba yadda zai hana a gaban jama'a. Ta mayar da waken, ta sake aunawa da kwanon sarauta, a hankali, ba gaggawa. Ashirin da uku. Tafi ya mutu. Ta tura masa kwanon da bayan hannu.

"To kai auna mu gani, yadda ka yi jiya."

Dattijo ya tattare babbar riga ya tsuguna. Ya san abin da ake kallo, don haka ya kafe hannun hagu a gwiwa. Kwano na ɗaya lafiya, na biyu lafiya. A na uku, yana cikin zuba, hannun nan ya zame da kansa ya zagaye bakin kwano.

"Hannu!" mata suka ɗauka gaba ɗaya.

Ya fizge shi kamar ya taɓa garwashi. Ya sake, a na biyar hannun ya koma. "Hannu, Baba!" in ji Zuwairatu, tana dariya har da riƙe ciki. Shekara arba'in yana rungumar kwano, jiya a tsakar gidansa, ba mai saye ba mai sayarwa, ya rungume wa kansa tiya uku bai sani ba.

Bai ce ta koma gindin darbejiya ba, an riga an ba wata, kuma har yau Safiyyatu tana nan kusa da jakuna. Maganar kora dai ba wanda ya ƙara tayar da ita. Da ya miƙe ya kakkaɓe riga, sai ya rage murya, ya ce tunda an riga an sauke buhun, a sayar masa da shi a nan, a kan ashirin da ukun.

"Za a sayar, ranka ya daɗe," in ji Safiyyatu, ta jawo ƙullin wata tsohuwa 'yar Yasore gabanta. "Amma ka bi layi. Akwai mata shida a gabanka."