A Bar Kwalbar Ta Sha Iska

Jiya ɗalibina ya kare kundin digirinsa na uku, na buɗe masa kwalbar farin inabi, marar sa maye. Ya miƙo kofi, sai na ji bakina ya ce, "Dakata, ta sha iska." Maganar marigayi Baba ce, dattijon da ya riƙe mu 'yan Arewa a unguwar Cheras, lokacin da muke karatu a ƙasar waje.

Ranar da na kare nawa, Baba ya cire murfin irin wannan kwalbar, ya ajiye ta tana naso a kan tebur, ƙamshi ya cika falon.

Na ce, "Baba, wannan ai ba giya ba ce, me take jira?"

Ya ce, "Kai take jira. Fita baranda ka kira mahaifinka."

Shekara biyu ni da mahaifina ba ma magana, tun da na ƙi komawa gida. Na fita na kira. Da ya ji labarin, sai ya ce, "Dakta."

Jiya ni ma baranda na tura ɗalibina ya kira mahaifinsa. Ni tarbiyyar Baba ne, ko gaban wa zan faɗa. Allah Ya shayar da shi daga Alkausara, ba tare da jira ba.